Hanyar da Muka Haƙa wa Ayu

A shekarun da nake koyar da ilmin halittu a wata makarantar sakandare a Wara, mun taɓa haɗa wata 'yar ƙungiya ta masu sha'awar daji da ruwa. Ba mu da ofis, ba mu da ko allon suna. Ni ne, da abokina wani likitan dabbobi da ke aiki a ƙaramar hukuma, da wasu malamai 'yan'uwana, sai duk wanda ya ga dama ya biyo mu. Ranar Asabar mukan shiga kwale-kwale mu bi gefen gungaye muna kallon tsuntsaye, dinya da kirinjijiya da zalɓe, wani lokaci har gauraka idan mun taki sa'a. Madubin hangen nesa ɗaya gare mu, sai mu riƙa miƙa wa juna. In mun sauka a wani ƙauyen masunta mukan zauna da su mu yi hira a kan dorina da kada, da ɓarnar da zuba guba a ruwa ke yi. Su saurare mu cikin ladabi, su ba mu ruwa mu sha, mu tafi, su ci gaba da abin da suka saba. Mutanen gari kuwa kallon marasa aikin yi suke mana.

Mai tuƙa mu Kawuna ne, yayan Inna. Tsoho ne dogo siriri, ba ya son yawan magana. A ƙuruciyarsa maharbin ayu ne, kuma har lokacin zagonsa, mashin nan mai igiya da ake sukar manyan dabbobin ruwa da shi, yana soke a rufin ɗakinsa, hayaƙi ya mayar da shi baƙi ƙirin. Na taɓa tambayarsa ko tausayi ne ya sa ya bar farautar. Ya ce mini, "Ƙarewa suka yi. Da ba su ƙare ba, da ban bari ba." Ni da nake zana ayu a allo, ina gaya wa ɗalibai cewa dabba ce mai shayar da ɗanta, tana leƙowa ta shaƙi iska kamar mu, ban taɓa sa ta a idona ba.

A wata bazara ruwan tafki ya ja baya fiye da yadda kowa ya saba gani. Kowace shekara yakan janye ya bar laka, manoma su bi shi da albasa, amma a wannan shekarar ya wuce inda ake shuka ya ci gaba da tafiya. Kututturan itatuwan da suka nutse tun zamanin da aka datse kogin Kwara suka fito tsaye, farare fat, ba ganye ba ɓawo. Tare da su wani dogon tudu ya fito kudu da ƙauyen Kawu. Wannan tudun shi ne tsohon garin su Inna, inda aka haife su ita da Kawu, kafin a kwashe mutane a kai su sababbin gidaje nesa da ruwa. A bayan tudun akwai kwari, tsohuwar fadamar garin. Da ruwa ya janye sai ya bar wani babban kududdufi a kwarin, tudun ya raba shi da tafki.

Wata safiya ina shirin fita makaranta Kawu ya yi sallama a ƙofar gidana. Bai saba shigowa Wara ba in ba ranar kasuwa ba. Muka gaisa, ya ƙi zama.

Ya ce, "Akwai ayu a fadamar tsohon gari. Uwa da ɗa. Ruwa ya tafi ya bar su."

Na ce, "Ka gan su, Kawu?"

"Na ga ciyawar da suka ci, na ji numfashinsu. Masu albasa ma sun gani. An aiko mini in zo da zago."

"Mi ka ce musu?"

"Na ce hannuna na ciwo." Ya dube ni. "In ku masu kallon tsuntsu kuna da abin yi, ku yi shi yanzu. Ciwon hannu ba ya daɗewa."

Da aka tashi daga makaranta muka hau babur ni da Likita. Inda hanya ta ƙare muka naɗe wando muka shiga laka, wani wuri har gwiwa. Mun tarar da mutane zaune a bakin kududdufin, maza da mata, wasu da adduna a gefensu. Ruwan kore ne, ya yi ɗumi, kainuwa ta rufe rabinsa. Kawu ya nuna mana wani gefe ya ce mu yi shiru. Muka daɗe muna jira ba abin da ya motsa. Can sai kainuwar ta buɗe, hanci ya leƙo, faffaɗa, toka-toka, da 'yan gashi a leɓe. Na ji ta fitar da iska, doguwa, irin ajiyar zuciyar mutumin da ya sauke kaya mai nauyi. Kusa da ita wani ƙaramin hanci ya leƙo ya yi irin nata. Suka nutse tare. Wata tsohuwa a bayana ta yi salati a hankali.

Muka je wurin mai gari. Ya karɓe mu a zaure, ya saurari Likita har ya gama bayanin cewa doka ta hana kashe ayu, kuma saura kaɗan a rasa shi a ruwan nan gaba ɗaya.

Mai gari ya ce, "Likita, na ji ka. Amma doka tana birni, ayu kuma yana nan. Akwai tsofaffin da rabonsu da naman nan tun suna samari. Akwai masu ciwon gaɓoɓi da ke jiran mansa. Kuma ruwan can ƙafewa yake yi. In ba mu taɓa su ba, rana za ta kashe su."

Na ce, "Ranka shi daɗe, in muka mayar da su tafki fa?"

"Da mi za ku ɗauke ta? Uwar ta fi saniya."

Kawu ne ya amsa daga inda yake zaune a bakin ƙofa. Ya ce ko da taru aka kewaye ta, da wutsiya za ta karya ƙafar mutum, kuma ba mai iya ɗaukar ta a cikin wannan laka. Sai dai a haƙa musu hanya ta ratsa tudun, ruwa ya haɗe, su fita da kansu. Mai gari ya ja carbinsa. Daga baya ya ce zai riƙe mutanensa na ɗan lokaci, amma in ta mutu, ta gari ce. Muka amince. Likita ya kira wasu da ya sani masu aikin kare namun daji. Suna nesa, hanya kuma ba lafiya a lokacin, sai dai suka ba shi shawara ta waya: a yi musu inuwa, a riƙa zuba musu ɗanyar ciyawa, kada a bar mutane su dame su.

Washegari muka kafa turaku daga bakin tafki zuwa kududdufin, miƙe, ta inda tudun ya fi ƙanƙanta. Muka fara haƙa daga wajen tafki. Da farko mu kaɗai ne, malaman makaranta da hannuwa masu laushi, kafin azahar duk mun yi kanta. Sai wasu Kambarawa da suka sauko daga kan dutse ƙwadagon albasa suka tsaya suna kallon yadda muke riƙe shebur. Ɗayansu ya yi dariya, ya karɓi nawa ya ajiye, ya sa galmarsa. Kashegari suka dawo da 'yan'uwansu. Samarin masunta ma suka shigo, wasu don tausayi, wasu ina jin don su kasance kusa in an zo rabo. Ni kuwa in na tashi daga aji ko gida ba na biyawa.

Ba mu yi nisa ba muka fara cin karo da garin. Fasassun tukwane muka fara tonowa, sannan ruwan fartanya da tsatsa ta cinye, sannan munduwar ƙarfe 'yar ƙarama, ta hannun yarinya. A wani wuri galma ta daki duwatsun murhu, suna zaune yadda mai girki ta bar su, gefensu har yanzu da baƙi. Waɗanda suka fara aikin da waƙa da ba'a suka yi tsit. Duk abin da aka tono sai a ɗauke shi da hannu biyu a ajiye a gefen ramin, ba wanda ya ce a yi haka. In na ɗaga kai ba na ganin komai sai fararen kututturan nan da lakar da ta tsattsage, amma jikina yana ba ni cewa a tsakar gidan mutane muke tsaye ba mu yi sallama ba.

Labari ya kai wa Inna. A gidana take zaune tun rasuwar mahaifinmu, kuma tun ranar da aka fitar da su daga garin tana yarinya ba ta taɓa neman a kai ta ko kusa da wurin ba. Ko a jirgi za ta ƙetare, in an zo saitin nan takan sunkuyar da kai. Wata safiya ta Asabar sai na fito na gan ta ta yafa mayafi tana zaune a kan turmi.

Ta ce, "Yau da ni za ka tafi."

"Inna, laka ce har gwiwa."

"Cikinta aka haife ni."

Na ɗauke ta a babur. A bakin laka ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu, ta ƙi in kama ta. Da muka hau tudun ta tsaya tana juyawa a hankali. Ni fili kawai nake gani, ita kuwa sai ta fara nuna mini da yatsa. Nan gidan maƙeri ne. Nan ake shanya kifi. Wannan kututturen tsamiya ce, a ƙarƙashinta ake yi musu kitso. Tana tafiya tana kauce wa bangon da babu shi, tana shiga ta ƙofofin da ita kaɗai ke gani. Ko kallon kududdufin ba ta yi ba. Masu haƙa suka dakata suna gaishe ta, tana amsawa kamar daga nesa.

Sai ta zo kan turakunmu, gaba kaɗan da inda haƙar ta tsaya. Ta dubi layin, ta dubi kututturen tsamiyar, ta sake duban layin.

Ta ce, "Ina za ku bi da ramin nan?"

"Nan, Inna. Miƙe har ruwan can."

"Ba za ku bi nan ba. Nan uwarmu take."

Na san kakata ta rasu wajen haihuwa ana gab da tashin garin, kuma a wancan zamani a bayan gida suke binne nasu. Ban taɓa tunanin kabarin yana da wuri ba. A raina ruwa ne kawai ya shafe shi tare da komai. Inna ta juya wajen Kawu.

"Yaya, ba nan ba ne? Bayan ɗakinta, gabas da tsamiya?"

Kawu ya zo ya tsaya kusa da ita. Ya daɗe yana duban ƙasa. Ya ce, "Ina jin nan ne."

Inna ta durƙusa a kan busasshiyar laka ta ɗaga hannu tana addu'a. Musulmin da ke wurin suka shafa tare da ita, Kambarawan suka cire huluna. Ba wanda ya yi gardama. Likita ya ja ni gefe ya ce mini a hankali, karkata hanyar zai ƙara mana aiki, uwar kuma ta fara gajiya. Na ce na sani. Shi ma bai ce a yi wani abu dabam ba. Muka tuge turakun muka kewaya da su ta yamma.

Ta yamman kuwa marmara ce. Galma ta riƙa tsalle tana dawowa, sai da aka nemo diga. Abin da muke haƙawa kafin azahar ya koma aikin yini. Tafkin kuma bai tsaya jiranmu ba, kowace safiya sai mu tarar ya ƙara ja baya, dole wasu su koma bakin hanyar su ƙara mata tsawo da zurfi. Kududdufin ya yi ta tsukewa. Muka kafa rumfar zana a kan inda ya fi zurfi, mata suna yanko ciyawar ruwa suna zubawa. Da farko uwar tana ci. Daga baya ta bari. Bayanta ya fara fitowa waje, rana ta tsattsaga fatar, ƙudaje suna sauka. Numfashinta ya koma kusa-kusa, da wani ƙara a ciki kamar na mai tarin sanyi. Ɗan ba ya rabuwa da gefenta.

Ranar da ta mutu, saura kaɗan mu gama. Tsakanin bakin ramin da kududdufin bai fi tsawon kwale-kwale ba. Rana ta take, muna cikin ramin, sai muka ji matan da ke zuba ciyawa sun yi shiru. Na hau sama na duba. Ta juya ta kwanta a gefe, hannunta ɗaya a sama, cikinta mai haske-haske yana waje. Ɗan yana tura bakinsa a ƙarƙashin hannun, inda nonon yake, yana ture ta, tana juyawa a kan ruwa tana dawowa. Likita ya shiga har ƙirji ya taɓa ta. Ya fito ya ce ta cika.

Nan da nan mutane suka cika wurin, da igiyoyi da kwanuka. Mai gari ya zo da kansa. Ya ce mana, "Kun yi iyakar ƙoƙarinku. Ba mu kashe ba, Allah ne ya ba mu." Samari suka ɗaura mata igiya za su jawo ta tudu. Suna ja ɗan yana biye, har cikinsa ya fara gogar laka.

Kawu ya ce, "Ku tsaya." Ya juya ga mai gari. "Ranka shi daɗe, nama naku ne, ba mai hana ku. Amma ba ta nan za a fitar da ita ba. A gama ramin, a ja ta ta ciki har tafki. Duk inda ta bi zai bi."

Wasu suka fara gunaguni cewa nama zai lalace a wannan zafi. Mai gari ya ce to kowa ya sa hannu a gama da wuri. Ban taɓa ganin haƙa irin ta ranar ba. Masu jiran nama da masu son ceto duk suka faɗa rami ɗaya, da diga da kwano da hannu. Kafin la'asar aka fasa ƙasar ƙarshe, ruwan tafki ya kwararo ya haɗu da koren ruwan kududdufin.

Aka ja ta. Maza a gefen nan da gefen can riƙe da igiya, Kawu a cikin ruwa har ƙugu yana gyara mata kai in ta maƙale. Ɗan yana biye da ita, hancinsa manne da wutsiyarta. Lokaci-lokaci yana yin wani ɗan siririn kuka, kamar na ɗan tsako, ba za ka ce daga jiki mai girman nan yake fitowa ba. Muka bi kwanar da muka yi ta cikin marmara, muka wuce duwatsun murhun, muka wuce tarin fasassun tukwane. Inna, da ta biyo ni ranar ma, tana tsaye a wurin da ta yi addu'a, ta rufe baki da mayafi, tana kallo har muka wuce ta. Duk jana'izar da na taɓa bi ban ji abin da na ji a wannan tafiyar ba.

A bakin tafki aka kai ta inda ruwa ya yi zurfi, ɗan ya fito fili. Sannan aka juya da ita aka jawo ta kan gaɓa. Nan ya kasa bi. Ya yi ta kai da kawowa a gefen ruwan yana wannan kukan.

Ba wanda ya san yadda ake feɗe ayu sai Kawu, don haka shi aka miƙa wa wuƙa. Ya karɓa. Da ya zo wajen hammata ya tsaga, sai nono ya kwararo, fari, mai kauri, ya bi ta kan hannunsa ya gangara cikin laka. Ya tsaya. Ya ajiye wuƙar, ya gaya wa wani mahauci inda zai bi, ya je can nesa ya wanke hannunsa ya zauna. Da yamma aka aiko mana da kason nama a kwano har Wara. Inna ta buɗe ta duba, ta rufe, ta ce a kai wa maƙwabta.

Ɗan ya zauna a bakin hanyar ya ƙi tafiya. Mai gari ya yi shela cewa ba mai taɓa shi, kuma aka kiyaye. Likita ya haɗa madara a kwalba da bakin roba, yana shiga ruwa safe da yamma, amma da ya matso sai ɗan ya nutse. Kawu kaɗai ya taɓa samun shafa bayansa, shi ma sau ɗaya. Muna zuba masa ciyawa mai taushi, wani lokaci mu ga kamar an taɓa ta, wani lokaci mu tarar da ita yadda muka bari. Wani abin da ya riƙa yi shi ne shiga hanyar da muka haƙa, ya bi ta har tsohon kududdufin, ya kewaya, ya dawo. Kullum sai ya yi.

Da ruwan sama ya sauka, tafki ya yi jawur da laka, muka daina ganin sa. Ba a tsinci gawarsa ba, ba kuma masuncin da ya ce ya faɗa masa a koma. Likita ya ce ɗa mai wannan girman yana iya yiwuwa ya fara cin ciyawa, yana iya rayuwa. Na tambayi Kawu, ya ce Allah ne masani. A hankali ruwa ya dawo ya hau tudun, ya shafe ramin da tukwanen da muka jera, ya haɗiye kututturan ɗaya bayan ɗaya.

Inna ba ta koma daidai ba na tsawon lokaci. Ta daina cin kifi. Takan zauna da tsintsiya a hannu ta manta da shara. Wata rana ina gyaran babur a tsakar gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da na yi shiru, da ta fita da ranta."

Na ce, "Inna, kwananta ne ya ƙare. Ba wanda zai haƙa ta kan kabari yana sane."

Ta ce, "Na hana a taɓa tawa uwar, na raba wani da tashi uwar."

Na ci gaba da gyaran babur ɗina.

Bayan kaka, ruwa ya cika ya kwanta, muka koma fitarmu ta Asabar. Wata rana sauran ba su samu zuwa ba, daga ni sai Kawu. Da muka zo saitin tsohon garin ya ɗaga filafilinsa daga ruwa ya aza a cinya, kwale-kwalen ya ci gaba da tafiya da kansa. Ba abin da ke nuna akwai wani abu a ƙasa, ruwa ne shimfiɗe har gaɓar can.

Ya ce, "Akwai maganar da ban gaya wa kowa ba. Wurin da innarka ta nuna, ba nan ba ne."

Na juyo na fuskance shi.

"Ranar da ta tambaye ni, na ɗauka nan ne. Shekaru sun yi yawa, ba bango ba ɗaki. Sai da muka karkata muka kai ga marmara, na ji ƙarar diga, sannan na tuna. Ina cikin waɗanda suka haƙa kabarin, ina saurayi. Mun sha wuya, marmara ce tun daga sama har ƙasa. A garin nan duka wuri ɗaya ne ke da ita."

Na ce, "Kawu, kana nufin inda muka bi?"

"Inda muka bi."

"Ba mu ga komai ba. Ko ƙashi ɗaya."

"Mi za a gani bayan wannan zama a ruwa? Ko mun bi ta kai, ko mun bi ta gefe, ban sani ba. Amma nan ne."

"Mi ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Lokacin mun riga mun yi nisa. In na faɗa, a sake tuge turaku, ayu ta mutu muna gardama. Kuma innarka ta yi rayuwarta duka ba ta da inda za ta nuna ta ce ga uwata. Ranar ta samu. Ban iya karɓe mata ba." Ya dubi ruwan. "Da muna jan ayun nan muka zo kwanar, ina cikin ruwa, ƙafata na kan marmara. Na ce wa uwarmu, Inna, ki yi haƙuri, baƙuwa ce za ta wuce da ɗanta."

Ya mayar da filafili ruwa muka tafi. Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu, ni ma ban gaya wa kowa ba a gidanmu.

'Yar ƙungiyarmu tana nan, ta ma ƙaru, yanzu har da tsofaffin ɗalibaina. Muna ci gaba da zaga ƙauyuka, kuma a ƙauyen Kawu masunta da kansu sukan aiko in sun ga alamar an ci ciyawa a wani lungu. Sau da yawa ba komai ba ne. Sau ɗaya dai wani ya rantse ya ga hanci ya leƙo kusa da tsohon garin, babba, shi kaɗai. Na je na wuni a wurin ban ga komai ba. In mun zo wucewa ta saitin nan nakan sa a kashe inji, in ce wa matasan ana iya jin tsuntsaye sosai a nan. Su saurari tsuntsaye, ni kuma in zauna ina duban ruwa, ina ƙoƙarin tuna ta ina kwanar take.

Tudun bai sake fitowa ba tun daga wannan shekarar. Inna ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, ba ta fita ko ƙofar gida. Amma duk bazara, in zafi ya tsananta ta ji masu albasa sun fara shigowa gari da buhuna, sai ta kira ni ta tambaya ina ruwa ya kai. In gaya mata. Ta ce tana so a kai dutse babba a aza a wurin, don ko ba ta nan mu san inda za mu tsaya. A bana ma ta kira ni. Na ce mata ruwa bai ja sosai ba, ko kan kututturan ba a gani.

Ta ce, "To. In ya fito ka kai ni. Ko ban gani, na san wurin."

Na ce, "To, Inna."